Ƙwan da Ya Kama a Bakin Rijiya

Bana ma azumi ya faɗo cikin bazara. Karo na uku ke nan a rayuwata da na ga ya zagayo ya tarar da wannan zafin, kuma ba na jin zan ga na huɗu. 'Ya'yana sun haɗa baki da likita sun hana ni ɗauka, ciyarwa nake yi, sai in zauna a zaure da buta kusa da ni ina jin kunyar masu wucewa. Shekaranjiya ina zaune na hango jikana Nasiru, magidanci da 'ya'yansa, yana jan waya daga gidanmu zuwa famfon masallaci. Waya siririya, doguwa, an yi mata ƙulli a wuri uku. Da ya gama sai ya ɗaura ƙwan lantarki a bakinta, ƙwan ya kama, ya tafa hannu ya ce wuta ta kai, a haɗa famfo.

Ban san lokacin da na miƙe ba, ni da sai an kama ni nake tashi. Na daka masa tsawar da ta watsa kajin maƙwabta.

Ya ce, "Alhaji, mi ya yi zafi? Ko yunwar azumin da ba ka yi ce ta motsa?"

Na ce masa ya cire wannan ƙwan daga gabana. Ya cire yana dariya, don bai san abin da na gani ba.

A tsakiyar shekarun hamsin, kafin 'yancin kai, muna zaune a wani ɗan ƙauye kusa da Daudawa, cikin ƙasar Faskari. Daminar da ta wuce ta ɗauke da wuri, dawa tana cikin fitar da kai ruwa ya tsaya, muka girbe kara fiye da hatsi. Kafin sanyi ya fita rumbuna sun fara amsa kuwwa idan an ƙwanƙwasa. Da bazara ta shigo, watan azumi ya tsaya, a gidanmu tuwo sau ɗaya ake tuƙawa, a raba shi biyu, rabi na shan ruwa rabi na sahur. Inna takan dama kunun tsamiya tsararo har kana ganin gindin ƙwarya. Miyar busasshiyar tafasa muka sha har na tsani warinta, kuma har yau ban shirya da ita ba.

Yunwa dai ana lallaba ta. Ƙishirwa ce ba ta jin lallashi. Tun hantsi rana take tsayawa a ka, iska ta taso da zafi kamar daga bakin murhu, ƙasa ta hana ka taka ta ba takalmi. Fulani sun kora shanunsu kudu tun da wuri. Rijiyoyin cikin gari suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, saura guda, tsohuwar rijiyar fadama. Ita ma ba ruwa ne kwance a cikinta ba, tsattsafowa yake daga yashi kaɗan-kaɗan, guga ba ya iya ɗiba. Dole sai mutum ya sauka da igiya ya yashe yashin, ya kwarfi ruwan da ƙwarya ya zuba a guga a jawo.

Mai saukar nan yayana ne, Haruna. Shi ya gaji haƙar rijiya wajen kawunmu, kuma duk ƙauyen babu mai zuciyar shiga wannan ramin sai shi. Saman rijiyar jar ƙasa ce mai ƙarfi, amma daga tsakiya zuwa ƙasa yashi ne zalla, ba siminti ba dutse, kullum yana zaftarowa. Kowa ya san za ta rufta, ranar ce kawai ba a sani ba. Da an sallame asuba Yaya Haruna zai ɗaura walki ya kama igiya, mata su jera tuluna tun daga bakin rijiya har gindin ɗorawa. Yana azumi, ruwa yana wucewa ta hannunsa wuni guda, ko ɗigo bai taɓa kaiwa baki ba. Idan ya fito da la'asar leɓɓansa sun tsage, yashi ya cika masa gashi, ya zauna ya jingina da bangon zaure yana jiran kiran salla. Baba yakan zauna nesa kaɗan da carbi, yana satar kallonsa.

Ni kuwa a lokacin ina aiki a gonar gwajin auduga da ke gefen ƙauyen. Na yi makarantar koyon sana'a a Kaduna, na dawo aka ba ni kula da injin wuta, wanda ke juya na'urar gurzar iri da fitilun gidan Bature. Baturen ya tafi hutu ƙasarsu, ya bar akawu da makullai. A cikin sito akwai wani famfo mai aiki da lantarki da aka kawo don ban-ruwan gwaji, ba a taɓa ɗaura shi ba. Na daɗe ina kallonsa. In aka kafa bututu cikin yashin rijiyar, aka zaunar da famfon a kan katako daga ciki, zai tsotso ruwan daga ƙarƙashi ba sai kowa ya sauka ba. Na faɗa wa Baba, Baba ya tara dattawa suka je wajen akawu. Mutumin kirki ne, shi ma daga rijiyar nan matarsa ke ɗiba, ya ce a ɗauka.

Matsalar ita ce nisa. Injin wuta an dasa shi cikin siminti, ba ya ciruwa, rijiyar kuma tana can ƙasan fadama. Sai an ja waya.

Aka kira gayya. Ban taɓa ganin gayya irin wannan ba, ba kiɗa, ba fura, ba mai ƙarfin yin waƙa. Maza suka shiga daji suka saro sandunan marke, aka haƙa ramuka a ƙasar da ke mayar da diga baya. Mata suka tattaro tsofaffin kwalabe, muka fasa muka ɗauki wuyan muka kafa a kan sanduna don waya ta zauna a kai. Ana aiki daga asuba zuwa hantsi, a kwanta a inuwa kamar matattu, a tashi bayan la'asar a ci gaba. Wani tsoho ya faɗi a bakin rami, aka yayyafa masa ruwa, ya farfaɗo ya ƙi karya azuminsa.

Wayar tagulla da ke sito ta kai mu rabin hanya ta ƙare.

Ina can ina haɗa famfo a rijiya, ban sani ba ashe an sami mafita. A bayan sito akwai tarin wayar ƙarfe da ake ɗaure dilar auduga da ita. Mutanenmu sun san wayar nan sarai, da ita suke ɗaure shinge, da ita suke gyara ƙafar gado da kunnen tukunya, ba ta taɓa ba su kunya ba. Maƙerin garin ya miƙar da ita, ya ƙulla guntu da guntu da kyau, ƙullin da ko bijimin sa ba ya tsinkawa. Kafin in hauro sun ja ta layi biyu har bakin rijiya. Baba ya tarye ni fuskarsa a sake, rabon da in gan shi haka tun kafin girbi.

Ya ce, "Idi, Allah ya rufa asiri. Waya ta kai."

Na duba na ga abin da suka ja. Na ce, "Baba, wagga ƙarfe ce, ba tagulla ba."

Ya ce, "To mi? Waya ai waya ce. Wagga ma ta fi ƙwari."

Ban yi gardama ba, na ce a bari in auna. Na sa aka haɗe bakin wayoyin biyu a can rijiya, na ɗauko batirin motar gona da ma'aunina mai allura. Abin da aka koya mana ba shi da wuya. Wuta tana da ƙarfin turawa, shi ake aunawa da bolt. Tana da yawan da ke gudu cikin waya, shi ne amfiya. Kowace waya kuma tana da turjiya, wato yadda take tare wa wuta hanya, ana auna ta da om. In ka raba bolt da amfiya, ka sami turjiya. Batirin bolt goma sha biyu ne. Na haɗa, allura ta tashi ta tsaya a kan amfiya ɗaya. Sha biyu a raba da ɗaya, om goma sha biyu ke nan. Na tsuguna na ƙarasa lissafin da tsinke a ƙasa. Famfon yana buƙatar amfiya goma. Goma sau sha biyu, bolt ɗari da ashirin za su zube a hanya, alhali injin ɗari biyu da talatin yake bayarwa gaba ɗaya. Fiye da rabi ya tafi. In kuma ka ninka bolt ɗin da ya zube da amfiya goman, ka sami wat dubu da ɗari biyu, ƙarfin da zai tafi a banza wajen gasa waya da sanduna. Abin da zai isa famfo ba zai iya juya shi ba, zai tsaya yana gurnani yana zafi har ya ƙone.

Yaya Haruna ya fito daga rijiya ke nan, ya tsaya a kaina yana kallon zanen. Ya ce, "Malam Lissafi, duba kake mana? Faɗa mani yaushe zan ƙara aure."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Haka mutumin yake, ko a bakin kabari sai ya tsokane ka.

Na yi wa dattawa bayani. Sai akawu ya ce, ai abu ne mai sauƙi, a gwada a gani. Ya kawo ƙwan fitila daga gidan Bature. Bayan an sha ruwa an yi magariba, gari duka ya gangara fadama. Aka ɗaura ƙwan a bakin wayar, aka rataye shi a sandar da ke kan rijiya, na koma na tayar da injin don ba ni da hujjar ƙi. Tun daga can na ji guɗa. Da na sauko na tarar da ƙwan ya kama fes, ya haske tuluna da fuskokin mutane, yara suna tsalle suna kama inuwarsu. Yawancinsu ba su taɓa tsayawa kusa da wutar lantarki ba. Tsofaffi suna ta salati. Na ga Baba ya ɗaga kai yana kallon ƙwan, hawaye na bin gemunsa.

Na ja shi gefe. Na ce, "Baba, ƙwan nan ba shaida ba ne. Kwatan amfiya kawai yake ci, bolt uku ne ke zubewa a hanya, shi ya sa ba ka ga bambanci ba. Famfo ya ninka shi sau arba'in. Hanyar da akuya ɗaya ta bi ta wuce lafiya, ba ita garke zai bi ba."

Ya ce, "Ni ban san bolt ba. Na dai ga wuta ta taho tun daga can ta kama nan. Kai ba ka gani ba?"

"Na gani."

"To ɗan'uwanka shina cikin ramin ga kullum. Kai kana zane a ƙasa."

Maganar ta yi mani zafi ƙwarai, har yau tana yi. Na haɗiye na ce akwai gyara. In aka jera wayar ƙarfen huɗu-huɗu aka murɗe su tare, turjiyar za ta sauko daga sha biyu zuwa uku, bolt talatin kawai za su zube, famfo zai juya. Amma ta bayan sito ta ƙare, sai an je Funtuwa inda ake ɗaure dila. Na roƙe shi kada a taɓa famfon sai na dawo. Ya ce, "Tahi. Allah ya kiyaye hanya."

Da asuba na hau keke. Ba zan bayyana wannan tafiya ba, ya isa in ce na san ɗanɗanon harshena a ranar. Na sami wayar, na kwana a can, washegari na sami motar itace ta ɗauko ni da ita da keken har mararraba, daga nan aka ɗora wa jakai. Rana ta karkata na shigo gari ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi.

Ba wanda ya tarye ni. Tun kafin in kai rijiya na ji warin, warin ƙonannen fenti da roba, wanda duk mai aikin wuta ya sani ba ya kuma mantawa.

Inna ce ta ba ni labari. Da safen ranar da na tafi, wani ɓangaren bangon rijiyar ya zaftaro ya sami Yaya Haruna a kafaɗa. Aka jawo shi jini na bin hannunsa. Baba ya gani. Ya taka har gona ya sami akawu ya ce a tayar da injin, in wani abu ya faru shi ya ɗauka. Aka tayar. Famfon ya yi gurnani, ya juya a hankali, ruwa ya tsarto daga bututu kamar cikin ƙwarya biyu, mata suka rangaɗa guɗa. Daga nan ya tsaya, gurnanin ya ci gaba. Suka ce a ba shi lokaci ya saba. Wani ya dafa wayar ya janye hannu da sauri, ƙullin maƙeri ya fara hayaƙi a kan sanda. Ko fis ɗin injin, mai yanke wuta idan ta yi yawa, bai yanke ba, don turjiyar wayar ta hana wutar yin yawan da za ta yanke shi. Kafin mai gudu ya kai gona a kashe injin, hayaƙi ya turnuƙe rijiyar.

Na buɗe famfon a gaban kowa. Naɗin tagullar cikinsa ya zama gawayi. Gyaransa sai Kano, sai kuma Bature ya dawo ya sa hannu. Jakai suna tsaye da wayar da na kawo, ba wanda ya ce a sauke. Raina ya ɓaci iyakar ɓaci, na juya ina neman Baba da ido, bakina cike da magana. Na same shi zaune a gindin ɗorawa, ya ƙanƙance, carbin yana hannunsa ba ya ja. Na mayar da maganata ciki.

Da daddare wajen cin tuwo Yaya Haruna ya ce, "Kada ka ce mashi komi, Idi. Don ni ya yi."

Na ce, "To kai ma kada ka sake sauka."

Ya ce, "Su sha mi?"

Washegari ya ɗaure kafaɗar da tsumma ya kama igiya.

Haka aka shiga goman ƙarshe. Hadari ya fara haɗowa daga gabas da yamma, ya yi baƙi, ya yi rugugi, iska ta taso ta watsa shi. Zafin ya ƙaru, irin mai danƙo da ke hana numfashi. Kullum in na tashi daga gona nakan biya rijiya in karɓi igiya, in ji nauyinsa a hannuna, in ji muryarsa daga ƙasa yana tsokanar matan da ke layi, yana ce wa wata tulunta ya fi na kowa ciki.

Ranar da abin ya faru ba ni ke riƙe da igiyar ba. Ina ɗakin injin da hantsi na ji ihu daga fadama, na san ko mene ne tun kafin in fita. Masu jan guga sun ce ba wata ƙara, ƙasa ce kawai ta numfasa, ƙura ta taso, igiya ta yi nauyi ta ƙi motsi. Muka haƙa da fartanya, da ƙwarya, da hannu. Muna kwashewa yashi yana komawa. Mutanen Daudawa suka zo da nasu kayan. Mutane masu azumi, cikin wannan rana, ba wanda ya koma inuwa. Baba ya shiga ramin da kansa, aka fito da shi, ya sake shiga. Sai bayan la'asar muka kai gare shi. Yana durƙushe, ƙwaryar tana hannunsa.

Da aka kai shi gida liman ya tambayi ruwan wanka, aka dubi juna. Babu rijiya kuma. Sai ga mata suna shigowa ɗaya bayan ɗaya da tulunansu, waɗanda suka samu da safen nan kafin ta rufta. Ruwan shan ruwansu ne da na 'ya'yansu. Suka juye a babbar randar Inna. Da ruwan da ya kwarfa da hannunsa aka yi masa wanka. A daren nan mutanen ƙauyenmu da yawa da ɗan kurɓi suka buɗe baki.

Sauran kwanakin jakai suka riƙa ɗauko mana ruwa daga wani rafi mai nisa, ja, mai warin fitsarin shanu. Ana saura kaɗan Salla ruwan sama ya sauka. Na ji ƙamshin ƙasa ya shigo ɗaki, ƙamshin da duk shekara nake jira, na ji ba na son sa. Yara suka fita tsirara suna ihu. Ruwa ya cika fadama, ya shafe bakin rijiyar, ya kwantar da rabin sandunanmu. Aka fita shuka da ɗan irin da ya rage, aka kuma yi damina mai kyau a shekarar.

Jiya Nasiru ya je kasuwa ya sayo waya mai kauri, yana ƙorafin tsada, yana cewa tsofaffi ba su san wahalar kuɗi ba. Na sa ya auna a gabana kafin ya haɗa. Yanzu ina jin famfon daga zaure, yana juyawa lafiya, yara na cika jarkoki suna watsa wa juna. Ba wanda ya san sunan mai saukar rijiya a unguwar nan, don babu shi.

Baba ya yi shekaru bayan Yaya Haruna. Bai taɓa tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Wayar da na kawo daga Funtuwa ta ƙare a shingen gari, har shingenmu, yana wucewa ta gabanta kullum zuwa masallaci. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, wata rana da azahar ina yi masa fifita, na ɗauka barci yake. Sai ya buɗe ido ya kama hannuna.

Ya ce, "Idi."

Na ce, "Na'am, Baba."

"Amma fa ƙwan ya kama. Ko bai kama ba?"

Lissafin yana nan a kaina, ko ɗaya bai goge ba.

Na ce, "Ya kama, Baba. Kowa ya gani."